Asabar ɗin da ta faɗo ranar Lahadi

Akwai wani bawan Allah a Libreville, babban birnin Gabon, da ya yanka rago biyu a kan walima ɗaya, kuma ba don arziki ya yi masa yawa ba. Shi ne mai wannan rubutu. Sai dai kunya ba za ta bar shi ya riƙa cewa "ni" ba, don haka za mu kira shi gogan naku, kamar yadda akan sakaya sunan wanda ya yi abin faɗa alhali yana zaune a tsakiyar majalisa yana shan shayi.

Gogan naku ɗan Kakuri ne a Kaduna, unguwar da kamfanin haɗa Fijo ya fara aiki a 1975. Ya tashi yana ganin sababbin 504 suna fitowa daga ƙofar masana'anta a jere, kujerunsu cikin leda kamar amare. Mahaifinsa direba ne, mai doguwar nan mai layin kujeru uku, yana lodi a tashar Kawo zuwa Kano. 'Ya'yan wasu da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi aka rene su, shi kuwa da labarin kafireta. Neman abinci ne ya kawo shi Gabon ta hanyar da Hausawa suka daɗe suna bi: Garwa, Ngaundere, Yawunde, a tsallaka iyaka zuwa Bitam da Oyem, inda 'yan'uwa suka kafa gidaje tun zamanin Faransa, sannan a gangaro bakin teku. Yana da ɗan shagon yadi a gefen Mont-Bouët, kasuwar da ta fi kowace girma a ƙasar.

Titin Libreville kuwa na Toyota ne. Tasi masu fari da ja, waɗanda za ka tsaya a bakin hanya ka faɗa wa direba inda za ka da abin da za ka biya, in ya yarda ya danna oda, in bai yarda ba ya wuce ko kallonka bai yi ba, yawancinsu Toyota ne. Manya suna cikin Land Cruiser. Motocin hannu suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Owendo, da yawansu daga Beljiyam, inda unguwar Heyvaert ta birnin Brussels ta daɗe da zama Kwatanon Turai. A cikin wannan taron ne gogan naku ya hango wata tsohuwar 504 a ƙarƙashin mangwaro a Nzeng-Ayong, kaji sun mayar da kujerar baya ɗakin haihuwa. Mai ita, wani dattijo ɗan fansho, ya sayar masa cikin gaggawar da ta kamata ta sa shi tunani. Bai yi tunanin ba. Aka jawo ta da igiya har ƙofar gida.

Duk mai son mota, bayan motar, abu biyu yake so: hoton da zai rataya, da littafin da zai ajiye inda baƙo zai gani. A watan Disamban 2022 gogan naku ya fita neman duka biyun.

Masu kalanda a ƙarshen shekara ba sai an neme su ba. Suna nan a bakin kasuwa, kaya rataye a hannu da kafaɗa, wasu an maƙale a igiya kamar shanya. Ya tare wani matashi, ya tattaro ɗan Faransancinsa na ciniki, ya tambaye shi ko yana da mai hoton 504 Coupé, wato 'yar gayun nan mai ƙofa biyu. Yaro ya dube shi, ya nuna masa wani lungu da hayaƙi ke tashi. Gogan naku ya bi lungun nan da sauri, sai ga shi a gaban mai coupé-coupé, naman nan da ake gasawa a yayyanka ƙanana a ci da burodi ko da curin rogo, ɗan'uwan balangu na ƙasar Gabon. Mai naman ma Bahaushe ne. Da ya ji abin da ya kawo shi, dariya ta hana shi riƙe wuƙa. Tun da an zo, an zo: ya ci na sefa 1,000, ya koma wurin yaron, wannan karon ya kwatanta sitiyari da hannu biyu.

"A'a, Alhaji, ai sai ka ce mota! Ga ta nan, daga Turai ta zo, saura ɗaya."

Saura ɗaya, alhali ga irinta kusan ashirin a ƙarƙashin hammatarsa. Tana cikin leda a liƙe, ba a buɗewa sai an biya. Daga sefa 5,000 aka sauko 3,500, gogan naku ya tafi yana jin ya cuci yaro.

A gida ya buga ƙusa a bangon falo, ya tara iyali, ya yage leda. Watan Janairu, an rubuta Peugeot 504 da manyan baƙaƙe. Motar da ke sama kuwa 404 ce, yayarta, wadda ta fito a 1960, ga fitilunta zagayayyu, ga fukafukan bayanta a tsaye. Wanda bai san mota ba zai ce ai duk Fijo ce. To, haka wanda bai san mutane ba zai ce Bakano da Basakkwace duk ɗaya ne. Ita 504 sai a 1968 ta fito, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ta, fitilunta masu kusurwa, but ɗinta a karye ya gangara, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Ɗan shekara bakwai a Kakuri ba zai haɗa su ba ko da daddare.

Fabrairu jar Ferrari ce, dokinta a tsaye a kan hanci, an rubuta Lamborghini a ƙasa, su da tambarinsu bijimi ne. Wanda ya kasa bambance doki da sa, me za ka tambaye shi game da inji? Afrilu da Agusta mota ɗaya ce, an dai sauya mata launi a kwamfuta, har da inuwar mai ɗaukar hoton a jikin ƙofa sau biyu. Disamba wata mota ce cikin ƙanƙara har gwiwa, a garin da ke kusan kan layin da ya raba duniya biyu, inda ƙanƙara sai a firji. An shafa wa 14 ga Yuli ja, ranar bikin Faransa, an bar 17 ga Agusta, ranar da Gabon ta sami 'yanci a 1960, baƙa ƙirin kamar kowace ranar aiki.

Maris ce ta fi ƙona masa rai, don a nan ne 504 ta gaskiya take. Amma an juya hoton. Sitiyari ya koma dama, zakin Fijo ya juya fuska, lambar mota sai an kai ta gaban madubi za a karanta. Ya tsaya yana yi wa bango bayani cewa Nijeriya ta bar tuƙin hagu tun Afrilun 1972, kafin Kaduna ta haɗa ko da ƙofa ɗaya, Gabon kuwa a dama take tuƙi kamar Faransa. Uwargida ta ce, "Baban yara, wa kake wa faɗa? Wanda ya buga ta ba ya jin ka, mu kuma ba mu muka buga ba."

Takardar kuma ba ta fi ta ƙunshe ƙosai kauri ba. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya kusa mita uku, ya ninka na Kano sau uku, kuma ko ba a ruwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Kafin mako ya zagayo gefunan kalanda sun naɗe kamar ganyen kabeji, jan Ferrari ya ratso ta bayan takarda ya ɓata Janairu, sai 404 ta zama kamar ta buge akuya. Duk da haka ya bar ta a bango. Mutum ba ya sauke abin da ya tara iyali ya rataya.

Abu ɗaya ne bai duba ba a cikin kalandar nan kaf, wato kwanakin. Ba wanda ke sayen kalandar mota don kwanan wata. Kamfanin taya na Pirelli yana fitar da tasa tun 1964, ba a ma sayar da ita, kyauta ake ba manya, kuma duk duniya ba a taɓa jin wanda ya yabe ta don Talatarta ta faɗo daidai ba. Ita ta Pirellin, a ce ma an ba shi, ba ta ratayuwa a falon da liman ke shigowa. Mu ajiye maganar kwanaki a nan, za ta same mu a gaba.

Sai littafi. Gogan naku ya san akwai na ƙwarai. Faransawa suna da Revue Technique Automobile tun 1946, kowace mota da nata kundi, har ƙarfin da za a ɗaure kowane noti an rubuta. Turawan Ingila suna da na Haynes tun shekarun 1960, waɗanda sai an wargaza mota gaba ɗaya an mayar, ana ɗaukar hoto, kafin a rubuta. Irin waɗannan ya je nema wurin masu baza littattafai a ƙasa, tsakanin tsofaffin littattafan makaranta da na fassarar mafarki. Mai kayan ya ce waɗancan sun ƙare, amma akwai wanda ya fi su, kuma da Turancin Ingilishi, daidai da mutumin Nijeriya. Bangonsa mai sheƙi, kaurinsa ya kai bulo. Ba sunan marubuci, ba sunan maɗaba'a, ba shekara. Littafi marar uba. Sefa 12,000.

Da daddare bayan Isha ya zauna a tabarma, ya sa tabarau, ya ce zai riƙa karantawa yana fassara wa iyali, don su san irin ilimin da ke cikin mota. Shafin farko na kula da inji ya ce a kwance kyandir huɗu a goge su, in sun ƙone a sa sababbi. Ya ɗan yi shiru, ya wuce. Gaba kaɗan aka ce a duba rigunan inji ko sun tsage. Aka ce a auna siket. Aka ce in an ji ƙara daga ƙasa, to ƙananan matasai ne suka cinye. Aka ce a tabbata malam-buɗe-littafi yana buɗewa yana rufewa ba tare da ya maƙale ba.

Uwargida ta ajiye tsintar shinkafa. "Kyandir, riga, siket, matasai. Baban yara, motar nan gyara ta za ka yi ko aurar da ita? In lefe ne a faɗa mini, in ƙara atamfa daga shago. Malam buɗe littafi kuwa ga shi nan zaune da tabarau."

'Yarsa ta fari, wadda ke makarantar sakandare a nan Libreville kuma Faransanci ya zauna mata fiye da Hausa, ita ta warware. Ta ce, "Baba, daga Faransanci aka juyo shi, kuma wanda ya juya bai taɓa buɗe bonet ba." A Faransanci bougie kyandir ne, kuma shi ne filogi. Chemise riga ce, kuma ita ce hannun silinda da fistin ke kai da kawowa a ciki, wanda a injin 504 ana zare shi a sa sabo. Jupe siket ne, kuma gindin fistin. Coussinet ƙaramin matashi ne, kuma shi ne metal ɗin da ƙarfen inji ke juyawa a kai. Papillon malam-buɗe-littafi ne, kuma shi ne ɗan faifan da ke buɗe wa iska hanya a kafireta in an taka totur. Wani ne ya zuba littafin mutane a na'urar fassara, ya kwashe abin da ya fito, ya sa bango mai sheƙi.

Mai hankali a nan zai tsaya. Gogan naku ya ce ai yanzu da ya gane sirrin, aiki ya zo da sauƙi: duk inda ya ga kayan ɗaki, ya san kayan inji ake nufi.

Ranar wata Lahadi da sassafe, farkon Janairu, ya ɗaura tsohon zanen uwargida a ƙugu, ya buɗe bonet. Injin 504 a kishingiɗe yake, an kwantar da shi gefe guda, kamar basarake a kan kilishi. Ya cire murfin iska. Ya fizge wayoyin filogi huɗu gaba ɗaya, bai sa wa ko ɗaya alama ba, don littafi yana nan. Ya zare abin da ke raba wuta ya wanke da fetur. Ya goge kyandirori. Sannan ya juya shafi don ganin yadda ake mayarwa, sai ya ga daga shafi na 64 an yi tsalle zuwa na 81. Ya lasa yatsa ya murza, ko sun manne ne. Ba su manne ba. Shafi goma sha shida ba su zo Gabon ba. Na 64 ya ƙare da an kwance komai, na 81 ya fara da yadda ake wanke kujeru.

Abin da ya rage masa shi ne wani ɗan layi a ƙarshen littafin da ya ce wuta tana bin silinda ɗaya, uku, huɗu, biyu. Wannan ya san shi tun yana yaro. Ya ƙirga daga gaba, daga wajen fanka, kamar yadda duk mai hankali zai ƙirga, ya jona wayoyi, ya sa ɗansa ya murza makulli, shi kuma ya sunkuya a kan kafireta don ya ga malam-buɗe-littafi yana aiki.

Ƙarar da ta tashi, har yau ana ba da labarinta a layin. Wuta ta yi tsiri daga bakin kafireta, salansa ta amsa daga baya, tau, tau, sau biyu. Kaji suka haye rufin kwano. Wata maƙwabciya mai soya ayaba ta bar kaskonta ta shige ɗaki da 'ya'yanta ta sa sakata. Mutanen Libreville ba su manta da safiyar 7 ga Janairun 2019 ba, ranar da wasu sojoji suka shiga gidan rediyon ƙasa da asuba suka karanta sanarwa, don haka wani dattijo a gidan gaba, kafin ya leƙo, sai da ya kunna rediyo ya ji ko an sa taken soja. Da bai ji komai ba ya fito, ya tarar da gogan naku tsaye da zane a ƙugu, littafi a hannu, gira ɗaya babu.

Gira takan yi mako shida kafin ta dawo. Wannan ma ba ya cikin littafin.

Aka tura mota zuwa garejin wani tsoho mutumin Damagaram, can wajen PK8, wanda kowa ke kira Baba. Ya yi shekaru a Oyem kafin ya sauko. Ba ya karanta boko, ko na Faransa ko na Ingila. Ya dubi inji, ya dubi girar, bai ce komai ba. Ya kwance filogi ɗaya na can ƙurya, ya toshe ramin da babban yatsa, ya sa yaronsa ya juya inji a hankali har iska ta turo yatsan. Ya sauya wa wayoyi wuri. Ya ce a tayar. Ta tashi kamar jiya aka kashe ta, da muryar nan da gogan naku bai ƙara ji ba tun tashar Kawo, har sai da ya juya baya ya yi kamar wani abu ya faɗa masa a ido.

"Ɗana, daga ina ka fara ƙirga?"

"Daga gaba, Baba."

"Bafaranshe daga baya yake ƙirga, daga wajen giya. Ka aika wuta inda ake shan iska. Littafin bai faɗa maka ba?"

"Wurin ne babu."

Baba ya karɓi littafin, bai buɗe ba. Ya auna nauyinsa a tafin hannu kamar mai sayen doya, ya ce yana da kyau, a ajiye, zai yi amfani.

Yayin da yara ke wanke hannu da fetur, tsohon ya ba shi labarin Janairun 1992, shekarar da tseren Paris zuwa Dakar ya sauya hanya ya nufi Cape Town. Motocin sun ratso Libiya da Nijar da Chadi da Afirka ta Tsakiya da Kamaru, suka kwana a Oyem, suka wuce Franceville. Hubert Auriol ne ya ci, cikin Mitsubishi Pajero. Baba yana nan a bakin hanya ranar, cikin jar ƙura, kuma abin da ya fi tsaya masa a rai ba gudun ba ne. Ya ga makanikan Turawa sun sauke akwatin giya sun mayar cikin dare ɗaya da fitila a goshi. Ya ce tun ranar ya daina yarda in an ce masa aiki sai gobe, ko da yake shi kansa bai daina faɗa wa masu mota haka ba.

A hanyar komawa gida, yana tuƙi a hankali da gira ɗaya, gogan naku ya riƙa lissafin abin da ya kamata a ce yana cikin kalandar mota ta mutanenmu. Ga 504 ɗin da Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1975, cikin taɓo. Ga wadda Kaduna ta ci gaba da haɗawa har tsakiyar shekarun 2000, shekara ashirin da wani abu bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983. Ga a-kori-kura da buhunan albasa sun fi ta tsayi. Ga Volkswagen ta Legas, Steyr ta Bauchi, Fiat ta Kano, Leyland ta Ibadan, Marsandin ANAMMCO ta Inugu, masana'antun da aka kafa da kuɗin mai, yawancinsu yanzu sai labari. Ga gingimari mai bodin katako da zanen zaki da dawisu da kirari a goshi. Watanni goma sha biyu ma ba za su isa ba. Kuma ba wai ba mu iya buga kalanda ba ne: shiga kowane shagon tela ko mai shayi daga Kano zuwa Maraɗi, za ka ga ta shehunnai, ta 'yan fim, ta 'yan dambe, ta 'yan ƙwallo, kowa da sunansa daidai a ƙarƙashin hotonsa, don mai bugawa ya san in ya sa sunan wani shehi a ƙarƙashin hoton wani, ba zai kwana a garin ba. Mota ce kawai marainiya. Ita ake kwaso wa hotuna daga intanet a liƙa mata kowane suna. Abin da ke kan Baba kuwa, wanda ya fi shafi goma sha shidan nan yawa nesa ba kusa ba, ba wanda ya zauna da shi da biro.

Tunanin bai yi nisa ba, don murna ta fi shi ƙarfi. Mota ta tashi, sai walima. Ya tsaya a gaban bango, ya ɗaga kai karo na farko don duba kwana, ya zaɓi Asabar ta ƙarshen wata. Ya rubuta: Asabar, 29 ga Janairu, 2023, bayan Azahar. Ya tura ta WhatsApp ga 'yan kasuwa, da dattawan unguwa, da ƙungiyar 'yan gida, da liman. Mutum biyu sun bugo suna tambaya, Asabar ko 29? Ya ce musu, "Yadda aka rubuta," da muryar wanda ya gaji da mutanen da ba sa karatu.

Asabar ta zo. Aka yanka rago, kuma wanda ya san Gabon ya san abin da wannan ke nufi, ƙasar da mafi yawan abincinta daga waje yake zuwa, dabba kuma sai ta sha doguwar hanya daga arewa kafin ta iso, kowane shinge da nasa kuɗi a kan wuyanta. Aka yi waina, aka yi shinkafa, aka jera kujerun haya. Matasa suka zo, 'yan layin shago suka zo, mai coupé-coupé ya zo da wuƙarsa ya taimaka. Aka ci, aka zagaya mota, aka yi addu'a. Amma rabin kujeru ba kowa. Ba liman, ba shugaban ƙungiya, ba ko ɗaya daga cikin Alhazan da aka yi wa tanadin cinya. Gogan naku ya kwana yana lissafin waɗanda ya je wa suna da ɗaurin aure, yana cewa duniya ta lalace, hassada ta yi yawa, mutum ya tayar da 504 sai a ƙi shi.

Lahadi bayan Azahar yana tsakar gida da singileti yana tara kujeru don a mayar, sai ya ji sallama. Liman ne, da babbar riga. Bayansa shugaban ƙungiya. Bayansu motoci suna ta tsayawa, Alhazai da 'ya'yansu, har da wanda ya taso daga Owendo da iyalinsa duka. Manya ba sa bin sunan rana, lamba suke bi, don da lamba ake biyan bashi. Su 29 suka gani, kuma 29 ga Janairun 2023 Lahadi ce.

"Malam, ko mun yi sammako ne?" in ji liman, yana kallon tukwanen da aka kife.

"A'a, Allah gafarta Malam, daidai kuka zo. Nama ne ya ɗan makara."

Ya zura riga, ya faɗa mota, ya ɗauki mai coupé-coupé a hanya. Mai raguna ya ga mutum a gigice da gira ɗaya da rabi, ya san kasuwa ta yi, bai rage ko sefa ɗaya ba. But ya ƙi buɗuwa, don haka aka sa ragon a kujerar baya, inda kaji suka taɓa zama, ya fito da kai ta taga yana kuka tun daga can har gida. Da suka shigo layi, Alhazai suka miƙe tsaye, wani tsoho daga cikinsu ya ce rabonsa da ganin 504 a cikin aikinta na gaskiya tun yana saurayi a Zariya. 'Yar gidan ta ɗauki hoto da waya: mota a karkace, rago a taga, uba a sitiyari yana zufa. Ba a ci nama ba sai bayan Isha, amma ba wanda ya tafi.

Ita ce kuma, da baƙi suka watse, ta hau kujera ta sa farce a kan shekarar da ke saman kalanda. Lambar ƙarshe ta ɗago. 'Yar takarda ce aka liƙa da kyau. A ƙarƙashin 3 akwai 2. Kalandar 2022 ce da ta yi kwantai, wani ya zauna da almakashi da gam ya ƙara mata shekara. Shekarar 2022 da Asabar ta fara, 2023 da Lahadi, don haka kowace rana a bangon nan tana bin ta gaskiya a baya da taku ɗaya tun daga 1 ga Janairu.

Litinin da safe, ta gaskiya, gogan naku ya naɗe kalanda ya nufi kasuwa da jawabin da ya kwana yana shiryawa. Ya sami yaron, yanzu ya koma sayar da lema. Ya baje masa hujja: ga 404, ga doki, ga gam, ga kuɗin rago. Yaro ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ciro waya ya ɗan latsa, ya ce, "Alhaji, ai ba ta lalace ba. Ajiye ta za ka yi. A 2033 za ta yi daidai, rana bisa rana." Gogan naku ya ƙwace wayar ya duba da kansa. Gaskiya ne. Shekarar 2033 da Asabar za ta fara, kuma Fabrairunta kwana 28 ne. Ya tsaya da baki buɗe, ruwa ya fara saukowa, ya sayi lema.

Kalandar tana cikin akwatin ƙarfe yanzu, tare da takardun shago, tana jiran shekararta, ko da yake danshi ya riga ya haɗe Yuni da Yuli sun zama wata ɗaya. Hoton rago uwargida ta sa an wanke shi babba, shi ke rataye a ƙusar falo. Littafin kuwa, maganar Baba ta tabbata. Gidan a kan gangara yake, kamar gidaje da yawa a Libreville, birkin hannun motar kuma yana jiran waya da aka ce tana hanya daga Panteka ta Kaduna tun watan azumi. Kullum da yamma in gogan naku ya faka, sai ɗansa ya fito da gudu ya cusa littafin a ƙarƙashin tayar baya. Yana riƙewa, sai dai kafin safiya motar takan ɗan zame kamar taku guda. Baba ya zo ya duba, ya tsuguna, ya gwada kaurin da yatsa, ya ce da shafuka goma sha shidan nan suna ciki, da ta tsaya cak.